Faɗuwar Baba Anatol

Asabar, 5 ga Oktoba 2019, da hantsi

Jiya kofin shayi ya suɓuce daga hannun Baba Anatol na hagu. Fashewar kofi ba labari ba ce, kullum sai an fasa wani abu a ɗakin sa kaya. Hannun ne ya tsaya a buɗe kamar ba nasa ba. Yana kallonsa, ni ma ina kallonsa, sai can ya dawo. Ya ce min da Faransanci, "Mijinyawa, ba ka ga komai ba." Na ce, "To, Baba." Na kwashe fasassun, na goge ƙasa.

Ranar Alhamis ta ƙarshen watan nan zai yi wasansa na sallama, bayan shekara hamsin da biyu a kan dandamali, ya koma Tuluz ta ƙasar Faransa wurin 'yarsa. An riga an kafa hotonsa a ƙofar otal. Ya ce idan Madam Rita, manajar gidan cin abincin, ta ji zancen hannu, yau ɗin nan za ta dakatar da shi, kuma shi bai yi wannan doguwar tafiya don ya ƙare da takardar likita ba. Da ƙafarsa yake so ya sauka.

Ni dai aikina labule da kujera.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Babu wasa yau. Matata Hamamatu ta kira daga Maraɗi, ta sake tambayata wane irin aiki nake yi takamaimai, don ƙanwarta ta tambaye ta ta rasa amsa. Shekara uku ina yi mata bayani. Na ce ta ce mijinta tsoho yake ɗagawa, ta ce Allah ya shirye ni.

To ai gaskiya na faɗa mata. Baba Anatol ɗan wasan barkwanci ne, kuma mawaƙi, irin wasan da suke kira opereta, rabi magana rabi waƙa. Alhamis, Juma'a da Asabar bayan magariba yana fitowa a ɗan dandamalin otal ɗinmu a unguwar Al Rigga ta Dubai, daga shi sai Mista Ramon mai fiyano. A ƙarshe yakan zama tsohon magajin gari da ya ƙyalla ido kan wata bazawara mai wanki. Ya hau kujera don muryarsa ta kai tagarta, ya ja waƙa sama, sama, sai kujerar ta goce, ya zube ƙasa warwas.

Satina na farko ba wanda ya gaya min haka wasan yake. Ina riƙe da igiyar labule na ga dattijo mai furfura ya faɗi, mutane suna ta ƙyalƙyala dariya ba wanda ya motsa. Ban san lokacin da na fito da silifas da rigar aiki ba, ina cewa, "Subhanallahi! Sannu Baba! Sannu!" Ina kakkaɓe masa riga, ina hararar masu cin abinci. Zauren ya kusa rushewa. Na gama yanke cewa an kore ni, sai ga shi washegari an ɗinka min farar rigar sabis, an ce kullum haka zan yi.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne koya min jira. A garinmu babba ba ya kaiwa ƙasa kana tsaye. Shi kuwa ya ce faɗuwar tasa ce, amma shirun da ke bayanta namu ne mu biyu, kuma duk wanda ya yi gaggawa ya zubar da dariyar. Sai ya kwanta kamar gawa, a yi dariya, ta lafa, mutane su fara shakka, ta sake tashi. A nan zai buga ƙaramin yatsansa a ƙasa, ta ɓangaren labule inda ni kaɗai nake gani, sannan in rugo.

Yatsan hannun hagu ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba, kafin in fita

Zafi bai sauka ba. Na goge rigar sabis.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Wasa biyu lafiya lau, yatsa ya buga a kan lokaci. Na ba shi shawara mu mayar da alamar hannun dama. Ya ce hannun dama yana fuskantar jama'a, kowa zai gani, ko so nake a ce tsohon yana kiran mai jinyarsa? Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce, "Bon," wato to shi ke nan, ya ci gaba da shafa hoda.

Da zai ɗaura maɓallin wuya sai da ya yi ta fama. Na juya ina gyara madubi har ya gama.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Na fitar da kujerar ta ƙofar kaya, na kai ta Ras Al Khor wurin Halliru. Ɗakinmu ɗaya da shi a Al Qusais, Bakano ne, walda da kafinta yake yi a wani gareji. Na ce ya rage mata ƙafa kamar yatsa uku. Ya ce me ya sa. Na ce tana girgiza. Ya ɗora ta a kan siminti, ya girgiza ta, ba ta motsa ba. Ya tsaya yana kallona har na gaya masa.

Ya ce, "Kai, Mijinyawa! Hannu ya mutu ya dawo, kake kawo min kujera? Ai asibiti za ka kai mutum, ba kafinta ba."

Na ce ya roƙe ni in yi shiru.

"Ya roƙe ka. To shi likita ne?"

Na ce sa'an babana ne, kuma sirrin jikinsa ne, ba nawa ba. Wa ya aike ni in kwance wa dattijo zani a gaban Madam Rita, sa'ar 'yar cikinsa?

Halliru ya ce, "Wallahi ku mutanen Nijar kunyarku sai ta kashe wani." Amma ya yanke ƙafafun, ya goge bakin da kyau, har ya shafa musu fenti. Ya ƙi karɓar komai, ya ce in saya masa shayin karak a hanya.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan masallaci

Ya gane. Ƙafarsa na taka kujerar jiya ya gane, na gani a bayan wuyansa. Ya yi waƙar, ya faɗi, an yi dariya daidai gwargwado. A ɗakin sa kaya bai yi faɗa ba. Ya ce shekara talatin yana faɗowa daga tsayi ɗaya, jikinsa ya san inda ƙasa take ko ido a rufe, yanzu na matso masa da ƙasa, ta tare shi bai shirya ba. Ya nuna min gwiwar hannunsa, ta yi shuɗi. Ni na jawo masa.

Na kwana ina jin haushin kaina, da nasa, da na Halliru da ya iya yanka. Da safe na liƙa wa ƙafafun katako, ta koma tsayinta.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Jiya na fito da wuri.

Ya faɗi kamar kullum, sai na ga kamar faɗuwar ba irin tasa ba ce, sai kawai na gan ni a kansa. Dariyar ko tashi ba ta gama yi ba. Na ce sannu Baba, ba wanda ya yi dariya, wata mata a teburin gaba ma ta ajiye cokali. Ya miƙe da kansa, ya rusuna wa jama'a, tafi ya zo sama-sama.

Lafiyarsa ƙalau ashe.

A ɗakin sa kaya ya goge fuskarsa tas. Sannan ya ce in zauna. Ya ce a rayuwarsa an jefe shi da tumatir a Marsai, an kashe masa wuta yana tsakiyar waƙa, ya yi wasa ranar da aka binne matarsa, amma ba a taɓa jin tausayinsa a kan dandamali ba sai jiya, kuma ni na jawo masa. Ya ce wasa kaɗan ya rage masa a duniya, kada in mayar masa da su layin asibiti.

Ya ce, "Ku idan kun yi rantsuwa da Allah ba ku karyawa, ko? Na lura da kai. To rantse ba za ka taso ba sai ka ga yatsa."

Na ce Baba ba a wasa da rantsuwa. Ya ce shi ma ba wasa yake ba.

Na rantse.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ban gaya wa Halliru ba. Mun ci shinkafa da wake, mun kalli ƙwallo.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Ya gayyace ni abincin rana a ɗakinsa, wai sulhu. Ƙwai ya soya da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu. Akwatuna sun cika falo, rabi a ɗaure. Ya zazzage min hotuna a kan tebur.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya fara, a layin baya na masu amshi, yana riƙe da mashin kwali. Ya so ya zama saurayin wasa, mai waƙar soyayya da ake jefa wa fure, amma wani darekta ya dubi hancinsa da ƙafafunsa ya ce masa ya haƙura, Allah ya yi shi don a yi masa dariya. Ya ce ya yi kuka a bayan gida, washegari ya karɓi rigar ɗan sanda mashayi. Daga nan kurman kawu, lauya mai mantuwa, mijin da ake ɓoye wa baƙo a cikin kabad. Ya zaga garuruwan Faransa har ya haddace tashoshin jirgin ƙasa, ya je Beljik, ya je Kanada, ya yi shekaru a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa. Har Yamai ya taɓa zuwa kafin a haife ni, abin da ya riƙe kawai kilishi da wani jemage da ya shigo zauren ya ƙwace masa 'yan kallo.

Ya ce masu son opereta sun tsufa tare da shi, gidajen wasan suka koma yin wasu abubuwa, shi ya sa ya ƙare yana waƙa ana yanka nama da wuƙa da cokali. Bai faɗe shi da ɗaci ba. Ya ce abin da yake so da opereta shi ne ba a mutuwa a cikinta, ko an harbi mutum sai ya tashi ya yi amshi.

Yana cikin ba ni labarin jemagen maganarsa ta naɗe, kamar mai magana da tuwo a baki. Kalma uku ko huɗu. Ya sha ruwa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ni ma na ci gaba da cin ƙwai.

Ina son tsohon nan. Ban taɓa gaya masa ba, ba a faɗar irin wannan. A jirgin ƙasa ina dawowa na fito da lambar Madam Rita na duba ta har tashar Union, na sauya jirgi, na mayar da wayar aljihu.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Madam Rita ta tare ni a lif jiya. "Habibi, yaya tsohonmu? Na ga kamar ya rame." Na ce da sauƙi, gajiyar haɗa kaya ce. Ta ce an sayar da duk teburan ranar sallama, har da mutanen ofishin jakadancinsu, yalla, wato maza, mu riƙe shi da kyau sati ɗaya ya rage.

Ni dai aikina labule da kujera.

Asabar, 26 ga Oktoba, kafin in fita

Wasa biyu lafiya. Jiya ma ya ƙara wani abu, yana kwance ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali ya mayar, mutane suka kusa shiɗewa. Ya ja jiran fiye da kullum don ya gwada ni. Ban motsa ba sai da yatsa ya buga. Da muka shiga ciki ya ɗan ja min kunne, ya ce walaa, wai haka ake yi.

Ina jin tsoro. Na rubuta ne don in ga yadda yake a rubuce.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An yi dariya sosai jiya. Ban taɓa jin irinta ba. Baba ya faɗi kamar kullum, amma wannan karon bai tashi ba.

Lahadi, da la'asar

Kujerun asibitin nan na ƙarfe ne, an haɗe su huɗu-huɗu. Injin shayi ba ya karɓar tsohuwar takardar kuɗi. Takalman Baba suna wurina a leda, da gashin bakin roba da nas ta cire ta miƙo min. Har yanzu rigar sabis ce a jikina, mutum biyu sun tambaye ni hanyar bayan gida.

Mista Ramon ya zauna da ni har azahar. Ya ce shi ya ɗauka sabon salo ne, shi ya sa ya maimaita kiɗan, ya sake maimaitawa. Ya yi ta faɗa yana sakewa. Na ce masa kalas, ya isa haka, ya tafi gida ya huta.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

'Yarsa ta sauka da safe. Odil sunanta, malamar makaranta ce, hancinsu ɗaya. An bar ni na shiga tare da ita. Yana numfashi da kansa. Ɓarin hagu duka ya tafi, baki ya karkace, magana ba ta fita. Ido ɗaya yana bin mutum.

Na ce, "Sannu Baba." Ban san da wace murya zan faɗe shi ba, duk wadda na ɗauko ta wasa ce.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Likitar Ba'indiya ce, tana Turanci, Odil tana juya min da Faransanci. Ta ce irin wannan ciwon sau da yawa yakan aiko da gargaɗi kafin ya zo: hannu ya saki na ɗan lokaci, magana ta harɗe ta warware. Ta ce idan aka zo a lokacin akwai abin da ake yi. Ta ce an gaya mata ni ne kullum tare da shi, ko na lura da wani abu a 'yan makonnin nan?

Odil ta juyo tana jira. Idon Baba yana kaina, bai ƙifta ba.

Na ce ni aikina labule da kujera.

Likitar ta rubuta wani abu gajere, ta wuce gado na gaba. Na sauka ƙasa na yi canjin takarda, injin ya ba ni shayi ba sukari.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Wani daga cikin masu cin abinci ya ɗauki bidiyon faɗuwar a waya, abin ya zagaya har ya iso garejin su Halliru. Ya shigo ɗaki jiya ya miƙo min, na ce ba na so. Ya ce shi ya kalla.

Ya ce, "Ana ganin ƙafarka a ƙarƙashin labule. Ta ɗaga, ta koma. Ta sake ɗagawa, ta koma." Ya ajiye wayar. "Me kake jira, ɗan'uwa?"

Na gaya masa zancen rantsuwar.

Ya zauna a bakin katifa. Sannan ya ce, "Rantsuwa ai kaffara gare ta, Mijinyawa. Ka ciyar da miskinai goma, ko ka yi azumi uku, shi ke nan. Yaron islamiyya ma ya san wannan."

Na sani. A bayan labulen ma na sani.

Ya kwanta. Da asuba ya fita bai tashe ni ba, amma ya bar min shayi a fulas.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan magariba

An cire hoton daga ƙofar otal, an sa na wata mai goge da za ta fara sati mai zuwa. Madam Rita ta ce za a mayar da ni ɓangaren liyafa, jera kujeru, bizata ba abin da zai taɓa ta. Ta yi kuka kaɗan, ta gyara kwalli.

Na je asibiti a daidai lokacin da ya kamata a buɗe labule. Odil ta fita cin abinci. Na zauna kusa da shi, talabijin tana nuna tseren raƙuma ba murya. Ban san ko ya san ranar ba. Da aka jima ya fara wani sauti a maƙogwaro, yana hawa yana sauka, sai na gane waƙar tagar ce. Ya kai inda ake ja sama, ya kasa, ya sake daga farko. Na riƙe masa kofi ya sha ruwa ta tsinke, rabi ya zube a wuyansa, na goge.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na fara azumi ukun. Halliru ya ce ai ban karya rantsuwar ba, azumin me nake yi? Na ce ya ƙyale ni.

Talata, 5 ga Nuwamba, da yamma

Na taya Odil ɗaure sauran akwatunan. Ta tambaye ni ko yana jin daɗin zaman Dubai, don a waya kullum sai ya ce mata komai daidai. Na ce yana son kifin wani gida a Deira, kuma yana faɗa da direbobin tasi. Ta yi dariya, ta ce ita tun tana yarinya ba ta iya kallon faɗuwar nan, rufe ido take yi, shi ya sa ko bidiyon da ake ta aiko mata ba ta buɗe ba, kuma ba za ta buɗe ba.

Na ce ta kyauta.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Sun tafi. Motar asibiti ce ta kai shi filin jirgi, a kwance, da nas mai rakiya. Na isa suna fito da shi. Na sunkuya na yi masa sallama, na ce Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne. Bakinsa ya motsa, na kai kunne, ban kama kalma ko ɗaya ba. Hannunsa na dama ya damƙi rigata ya riƙe, sai da nas ta ɓamɓare yatsun. Ban san ko godiya ce ko wani abu ba.

Kafin ta shiga motar Odil ta kama hannuwana biyu a gaban mutane, ban saba ba, ban kuma janye ba. Tana hawaye. Ta ce Madam Rita ta ba ta labari: zaure cike da mutane, kowa yana dariya, mahaifinta yana kwance a ƙasa, ni kaɗai na gane, ni na rugo. Ta ce har ta mutu ba za ta manta cewa ni na fara isa wurinsa ba.

Na ce ba komai, Madam.

Ban gyara mata ba. Gaskiya ce ai, ni na fara isa. Ba ta tambaye ni yaushe na taso ba.